Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitocin Rabon Kuɗin Bincike Na Jami'o'inmu: Ku Karanta Labarin Richard Heck Kafin Zamanku Na Gaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugabanni da mambobi, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohon malamin kimiyyar sinadarai ne. Na sha ƙurar alli shekaru masu yawa, na kuma taɓa zama a kan irin kujerar da kuke kai yanzu, da tulin takardun masu neman tallafi a gabana. Saboda haka ba daga bayan katanga nake jifa ba. Na san kuɗin ba sa kai wa ko'ina, na san masu nema sun ninka abin da ke hannu, na kuma san akwai na sama da ke jiran ku nuna musu abin da aka yi da kowace naira.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ɗaya ce da ke cikin fom ɗin da muke miƙa wa malamai, wadda ke cewa mutum ya faɗi amfanin da bincikensa zai kawo wa jama'a nan kusa. Tambayar ba ta da laifi. Laifin shi ne mun mayar da ita wuƙa, duk wanda bai iya cika gurbin da alkawari mai daɗi ba sai a yanke shi. Ina so in ba ku labarin wani mutum da irin wannan wuƙar ta yanka a ƙasar da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba.

An haifi Richard Heck a 1931 a Springfield ta jihar Massachusetts a Amurka, ya tashi a Los Angeles. Shuke-shuken bayan gida ne suka ja shi zuwa ga sinadarai, yana yaro yana son sanin me ke cikin taki da maganin feshi. Ya yi digirinsa na farko a 1952 da na uku a 1954 a jami'ar UCLA ƙarƙashin Saul Winstein, ya je Zurich ya ƙara gogewa wajen Vladimir Prelog, sannan ya kama aiki da kamfanin Hercules a Wilmington ta jihar Delaware. Can aka fara sa shi aikin roba, bai yi wani abin a zo a gani ba. Sai shugabansa, David Breslow, ya sake masa mara, ya bar shi ya je ya laluba abin da ƙarafa irin su kobal ke yi idan suka haɗu da sinadaran kabon. Ku riƙe wannan wurin da kyau. Kamfani ne mai neman riba, amma ya samu shugaban da ya yarda ya bar ma'aikacinsa ya bi tambayar da ba a san inda za ta ɓulle ba. Daga nan ne su biyun suka fito da bayanin yadda kobal ke gudanar da wani aiki da masana'antu suka daɗe suna yi ba tare da sun san abin da ke faruwa a cikin tukunyarsu ba.

Don waɗanda ba fanninsu ba ne a cikinku, bari in faɗi matsalar da Heck ya tunkara. Kusan duk maganin da ke kanti, da rini, da turare, da roba, ƙashin bayansu ƙwayoyin kabon ne da aka jera aka ɗaure da juna. Mai haɗa sinadari magini ne, kabon kuma tubalinsa. Sai dai tubali ne mai taurin kai: da zarar ya samu wurin zama a cikin wani sinadari, ba ruwansa da maƙwabci. Tsofaffin hanyoyi, irin wadda ta ba Victor Grignard kyautar Nobel a 1912, suna tunzura kabon ne har ya fusata ya cafki na kusa da shi. A ƙaramin gini wannan ya wadatar. Idan ginin ya yi girma ya yi rassa, fusataccen kabon ba ya tantance wa zai kama, sai ka tashi da tarkace fiye da abin da kake nema.

Abin da Heck ya gano shi ne ƙarfen faladiyam zai iya yin aikin dillali. Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya ga yadda ake yi: mai saniya na nan, mai saye na can, kowa ya ɗaure fuska, dillali ya kama hannun wannan ya jawo wancan, ya tsaya a tsakani har a ce albarka. Haka faladiyam yake yi. Yakan kutsa tsakanin kabon da aidin ɗin da ke manne da shi, ya riƙe kabon ɗin. Sai ɗaya sinadarin, mai kabon biyu da aka ɗaure da igiya biyu, ya zo ya zauna a gefensa. A kan faladiyam ɗin ake ƙulla sabon ɗauri, ƙwayar haidurojin ɗaya ta fita, kaya su tashi a haɗe. Wani sinadari mai ɗabi'ar kanwa ya share tsamin da ya rage, dillali ya koma yadda yake ya tari ciniki na gaba. Bambancinsa da dillalin kara shi ne ba ya karɓar la'ada, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa zai ƙulla ciniki ɗari, wani lokaci dubbai. Irin wannan sinadari shi muke kira katalis. Faladiyam kuwa ba baƙo ba ne gare ku, yana cikin abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar mota, kuma mafi yawansa daga Rasha da Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

A 1968 Heck ya fitar da maƙaloli bakwai a jere a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, sunansa shi kaɗai a kan kowace. Da hannunsa ya yi gwaje-gwajen. Amma da an kawo aikin gabanmu a lokacin, da mun ce ba shi da inda za shi, kuma da muna da hujja. Yana buƙatar sinadaran zaiba, masu guba, yana kuma cin faladiyam mai tsada. Wa zai haɗa magani da zaiba? A 1971 ya koma Jami'ar Delaware. A wannan shekarar Tsutomu Mizoroki a Tokyo ya nuna za a iya yi da sinadarin aidin ba tare da zaiba ba, a 1972 kuma Heck da abokin aikinsa Nolley suka fitar da tasu hanyar mai sauƙin yi, suka kuma ambaci aikin Mizoroki. Ina so a riƙa tuna wannan bawan Allah na Japan, domin ya rasu a 1980 tun kafin duniya ta waiwayo, kyautar Nobel kuwa ba a ba mamaci. Masu adalci a cikinmu sukan haɗa sunayen biyu idan suna koyarwa.

Heck bai tsaya nan ba. A tsakiyar shekarun 1970 shi da ɗalibansa suka nuna yadda za a yi da sinadaran buromin masu araha, da yadda za a shigar da iskar kabon monoksaid a cikin cinikin, da yadda za a jona kabon mai ɗauri uku. Wannan reshe na ƙarshe, wanda aka fi sani da sunan Sonogashira, wani masanin Japan, saboda shi ma ya fitar da nasa a 1975, shi ne daga baya aka yi amfani da shi wajen liƙa rini mai ƙyalli a jikin sassan DNA domin na'ura ta iya karanta su. Ei-ichi Negishi ya zo da tasa hanyar ɗaurin mai amfani da tutiya a 1977, Akira Suzuki da Norio Miyaura suka zo da mai amfani da boron a 1979 daga Hokkaido ta Japan, duk a kan dillali ɗaya.

To me duniya ta yi da wannan duka? Kusan shiru. A 1982 da Heck ya rubuta babi a jerin littattafan Organic Reactions, shafi 45 suka ishe shi ya tattara duk misalan da aka sani na hanyarsa. Shekara goma bayan maƙalar 1972 ke nan. Tallafin bincike ya yi ta ja baya har ya ƙafe, masu rabon kuɗi suka karkata wasu wurare. A 1989 ya ajiye aiki bai cika shekara sittin ba, ya tafi Florida, daga baya ya koma Filifin ƙasar matarsa, ya koma ga shuke-shukensa.

Bai jima da tafiya ba abin ya fashe. Masu haɗa magunguna suka farga cewa ga hanyar da za su jona manyan sassa biyu ba tare da sun rusa sauran ginin ba. A 2002 aka sake rubuta babi a jerin littattafan nan, wannan karon a kan reshe ɗaya tak na hanyar Heck, wanda ake ƙulla ɗaurin a cikin sinadari guda ya zama zobe, sai da ya ci shafi 377. Masana'antu suka ɗauka. Akwai hanyar haɗa naproxen, maganin ciwon gaɓoɓi, da ke bi ta kan aikin Heck. Haka montelukast da ake ba masu asma, haka wani maganin ciyawa mai suna prosulfuron da ake fesawa a gonar masara. Ta hanyar Suzuki kuma ake haɗa losartan na hawan jini. Ku leƙa kantin magani mafi kusa da ku, waɗannan sunaye suna kan kanta.

Ni kaina ina da jika mai asma. Idan hunturu ya kama, ƙura ta taso, nakan ji numfashinta daga ɗakin da nake, kamar ana busa ƙaramar sarewa da ta tsage. Uwarta takan ɓallo ƙwaya ɗaya daga katin magani da dare, yarinyar ta tauna ta kwanta. Na taɓa juya kwalin na karanta sunan sinadarin, na daɗe zaune da shi a hannu. Mutumin da ya share wannan hanya an hana shi kuɗin sayen kayan gwaji, ana ganin aikinsa bai cancanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Girmamawa ta zo, amma a makare. Jami'ar Delaware ta kafa lacca da sunansa a 2004, shekara goma sha biyar bayan ya bar ta. A 2006 Victor Snieckus ya gayyace shi Jami'ar Queen's a Kanada, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya sake tsayawa gaban teburin gwaji cikin ɗalibai. A 2010 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Negishi da Suzuki, yana da shekara 79. Ya rasu a Manila a watan Oktoba na 2015, jaridu kuma suka ruwaito cewa jinya ta cinye abin hannunsa kafin ƙarshe. Abin da ya fi ci mini rai ba kyautar da ta yi jinkiri ba ce. Shekarun nan ashirin da ɗaya ne, daga 1989 zuwa 2010, da mutum mai irin wannan hannu ya yi nesa da ɗakin gwaji, in ban da ɗan zaman nan na Kanada. Ba wanda zai iya lissafa abin da aka yi asara a cikinsu, domin ba a yi shi ba balle a ƙirga.

Yanzu bari in dawo kan kujerarmu, in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Wata shekara, ina cikin irin kwamitinku, wani matashin malami ya kawo takarda. Yana so ya gwada ko wasu ƙarafa masu araha, irin baƙin ƙarfe da nikel, za su iya yin wani ɓangare na aikin faladiyam idan aka lulluɓe su da wasu sinadarai da zai haɗa da kansa. Kuɗin da ya nema ba su kai na gyaran motar ofis ba. A gurbin amfani ga jama'a ya rubuta gaskiya, cewa bai sani ba tukuna, sai ya gwada. Aka kira shi ya shigo. Na lura da yatsunsa, akwai tabon rawaya na asid a gefen farce, alamar mutumin da ke taɓa kwalba da kansa. Ya zo da littafin gwajinsa mai bangon kwali, gefen shafukan ya yi laushi don yawan buɗawa, ya ajiye a bakin tebur. Ba wanda ya buɗe shi a cikinmu. Wani ya tambaye shi, "Malam, a taƙaice me talaka zai samu?" Ya yi shiru, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka alkawarin abin da ban gani ba." Muka ba wa wanda ya yi alkawarin komai cikin wata goma sha takwas. Na sa hannu tare da kowa. Matashin ya ɗauki littafinsa ya sa a hammata, ya yi mana sallama cikin ladabi. Bayan 'yan shekaru na ji ya bar koyarwa. Ban ce da ya zama Heck ba, wataƙila da gwajin ya mutu a wata na uku. Amma tambayar da ya ɗauko tambaya ce ta gaske, manyan ɗakunan gwaji na duniya suna kanta har gobe, mu kuwa mun hukunta shi ne saboda ya ƙi yi mana ƙarya. Wannan sa hannun yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Na san amsar da za ku ba ni, domin ni ma na sha ba da ita. Za ku ce mu ba Amurka ba ne, ga zazzaɓin cizon sauro, ga rijiyoyi masu gurɓataccen ruwa, ga hatsi na ruɓewa a rumbu, wanda ke jin yunwa ba ya shuka dabino. Gaskiya ne, kuma ban ce ku kwashe kuɗin waɗannan ku ba masu bin tambayoyi ba. Kaso mafi tsoka ya tafi can, haka ya dace. Na kuma yarda cewa mafi yawan binciken da ba a san amfaninsa ba yakan ƙare ba a samu amfanin ba. Sai dai ku duba da kyau: wanda zai gano jabun maganin zazzaɓi, ko ya san me ya lalata rijiya, ko ya zauna da kamfani ya ce ga yadda za mu haɗa wannan ƙwaya a gida maimakon shigo da ita, ba daga sama yake faɗowa ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana fama da kwalba, ya san warin abin da ya ƙone, ya san dalilin da ya sa gwaji ke ƙin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan muka kori duk masu wannan haƙuri, ranar da muke neman su sai mu tarar da masu iya cika fom kawai.

Akwai abin da ba a koyo sai a gaban tebur. Lokacin da nake ɗalibi na taɓa yin gwajin Heck da hannuna. Za ka auna garin faladiyam mai launin ƙasa-ƙasa, abin da bai fi 'yan ƙwayoyin gero ba, ka zuba a kwalba mai zagayayyen gindi, ka ɗora a kan wuta. Ruwan yakan fara da launin rawaya garau. Idan ka yi sakaci, ko zafi ya yi yawa, sai ka ga ya fara duhu, baƙin gari kamar kunkunniya ya kwanta a jikin gilashi. Dillali ya mutu ke nan, ya dunƙule ya daina aiki. Sau uku ina ganin wannan baƙin kafin na gane laifina. Ɗalibanmu na yau suna zana da'irar Heck, wato zagayen matakan da dillalin ke bi, a takardar jarrabawa ba kuskure, su ci maki, alhali da yawansu ba su taɓa ganin wannan baƙin ba. Wannan ma yana komawa ga abin da kuke yanke wa hukunci a ɗakin taronku.

Ga roƙona. Ku ware wani kaso, ko ɗan ƙarami ne, ku rubuta a fili cewa na tambayoyin da ba a san amfaninsu ba ne tukuna, domin mai gaskiya ya daina jin dole sai ya ƙirƙiro alkawari. Wanda kuka ba wa daga wannan kaso ku ba shi lokaci mai tsawo, shekara biyar ko fiye, ko da abin da zai riƙa karɓa kaɗan ne. Aikin Heck bai ci dukiya ba. Mutum ɗaya ne da tebur da kwalabe, daga baya 'yan ɗalibai kaɗan. Abin da ke kashe irin wannan aiki yankewa ne a tsakiya, a ba ka bana a hana ka baɗi, sinadaran da ka tara su lalace a firjin da ba wuta.

Idan kuma kun zo duba ci gaba, don Allah ku rage ƙirga maƙaloli kamar ana ƙirga buhuna. Wannan ƙirgar ce ta koya wa yaranmu yanka aiki ɗaya gida biyar, da biyan kuɗi ga mujallun da ba mai karantawa. Ku ce a kawo littafin gwaji. Ku sa wanda ya san fannin ya zauna ya buɗe shi shafi-shafi, ko daga wata jami'a za a ɗauko shi. Littafin gwaji ba ya ɓoye rago, ba ya kuma ɓoye mai ƙoƙari: za ka ga kwanan wata, ka ga inda aka soke, ka ga gwajin da ya ƙi sau goma da abin da aka canza a na goma sha ɗaya. Mutumin da ya kawo muku shekara guda ta gwaje-gwajen da suka ƙi, a rubuce dalla-dalla da dalilansu, ya yi aiki.

Sannan ku ji tsoron Allah game da manyan malamai waɗanda yayin fanninsu ya wuce. Yayi a kimiyya kamar yayin atamfa yake, yakan tafi ya dawo. Kwamitocin da suka juya wa Heck baya ba jahilai ba ne, masana ne irinku, sun duba abin da ake yayi a lokacin suka bi. Kafin ku rufe wa dattijo ƙofa saboda ya shekara ashirin a kan tambaya ɗaya, ku kira shi ku tambaye shi me ya riƙe shi a kanta, ku kuma saurari amsar har ƙarshe.

A zamanku na gaba, na tabbata akwai takarda aƙalla ɗaya a cikin tulin da mai ita ya bar gurbin amfani kusan fayau, ko ya rubuta cewa sai ya gwada. Ku ware ta gefe, kada ta bi sahun waɗanda aka yar tun zagayen farko. Ku kira mai ita ya zo da littafinsa. Idan ba ku da mai lokacin karantawa, ku aiko mini, idona na gani har yanzu da tabarau, kuma ba na neman ko sisi.

Allah ya yi muku jagora a kan wannan amana.

Wassalam,
Naku, tsohon malamin kimiyyar sinadarai.